Jinina bai hau ba, me ya sa aka ba ni maganin hawan jini?

Tambaya: Likita, shekarata 58. Idan na hau bene ko na yi sauri sai ƙirjina ya ɗaure kamar an ɗora mini dutse, in na tsaya ya sake ni. An ce anjaina ce, aka rubuta mini amlodipin miligiram 5 kullum. Ni na san wannan maganin hawan jini ne, kuma jinina lafiya lau. Ga shi idon sawuna ya fara kumbura. In daina sha?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka daina sai ka koma wurin likitanka. Ba kuskure ya yi ba.

Jijiyoyin da ke kai wa zuciyarka jini sun ƙuntata saboda kitsen da ya taru a bangonsu. Kana zaune, jinin ya wadatar. Da ka hau bene, zuciya ta nemi ƙarin iskar oksijin, hanya ta kasa kawowa, sai ciwon ya taso. Naman da ke jikin jijiya kuwa ba ya tsukewa sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikinsa ta wasu 'yan ƙofofi. Amlodipin yana toshe waɗannan ƙofofin, jijiya ta saki jiki ta buɗe. Sai jinin ya ƙara isa ga zuciya, ita ma ta rage wahalar da take sha wajen tura jini cikin jiki. Saukar da hawan jini ɗaya ne daga cikin aikinsa, ba shi kaɗai ba. Yakan ɗauki kamar mako guda kafin ya daidaita a jiki, kuma ana iya kai shi miligiram 10.

Kumburin nan sananne ne ga wannan magani, musamman idan an ƙara yawansa. Ruwa ne ke tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin da suka buɗe, yawanci ba ciwon ƙoda ba ne, shi ya sa ƙwayar sa fitsari ba ta cika kawar da shi ba. Wasu kuma ciwon kai suke yi, ko fuska ta yi zafi, ko dasashi ya yi kauri. Idan kumburin ya zo da haki, a duba ka da wuri.

Amlodipin yana da 'yan uwa. Diltiyazem da berapamil suna rage gudun bugun zuciya, sukan dace da mai asma wanda ba a son ba shi wasu magungunan zuciya irin su atenolol. Amma haɗa berapamil da atenolol haɗari ne, bugun zuciya na iya faɗuwa ƙasa sosai, kuma ba a ba mai raunin zuciya diltiyazem ko berapamil. Idan kana shan simbastatin, maganin kolesterol, tare da amlodipin, bai kamata simbastatin ɗin ya wuce miligiram 20 ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, ƙwayar amlodipin tana rage yawan ciwon ne, ba ta wanke kitsen da ke jijiya. Asfirin da maganin kolesterol da barin taba su ne ke rage haɗarin toshewar jijiyar gaba ɗaya. Ba kuma amlodipin ake sha ba idan ciwon ya taso, wannan aikin naitirogilisarin ne da ake sawa a ƙarƙashin harshe. Ka sa, ka jira minti 5, in bai lafa ba ka ƙara. Idan bayan wasu minti 5 yana nan, ko ya taso maka kana kwance ba ka yi aikin komai ba, a kai ka sashen gaggawa nan take, kuma kada ka tuƙa mota da kanka.