Masanin duwatsu da injiniyan haƙar ma'adinai: wa ke yin me?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe na sakandare a Gusau, kuma aikin ma'adinai nake sha'awa. Mene ne bambancin mai karanta ilimin duwatsu da injiniyan haƙar ma'adinai, kuma yaya rayuwar aikin take?

Amsa: Ƙanena, masanin duwatsu shi ke fara shiga daji. Da guduma, da taswira, da ɗan gilashin ƙara girma rataye a wuya, zai yi ta bin tsauni da bakin rafi yana fasa dutse yana zuba samfur a jaka. In ya ga alama, a kawo injin huda ƙasa a zaro dutsen kamar sanda, a jera a akwatuna, a kai ɗakin gwaji. Tambayarsa ita ce: me ke ƙasa, nawa ne, a wane zurfi? Sau da yawa amsar ita ce bai kai a haƙa ba, bayan an sha watanni ana kwana a tanti.

Injiniya kuwa daga nan yake ɗauka. Shi zai yanke ko buɗaɗɗen rami za a yi ko a bi ta ƙarƙashin ƙasa, yadda za a dasa nakiya, inda iska za ta shiga, yadda za a janye ruwa, da abin da zai tokare rufin kada ya rufta wa mutane.

Kai ɗan Zamfara ne, ka san abin da ya faru a 2010 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. Dutsen zinaren yana ɗauke da dalma, aka riƙa niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe, yara kimanin 400 suka rasu. Gwajin samfur zai nuna dalmar tun farko, tsarin injiniya kuma zai kai niƙan bayan gari, a jiƙa dutsen da ruwa don ƙura ta kwanta. Har yau abin yana ci mini rai.

Ilimin duwatsu akwai shi a ABU Zariya da Jami'ar Jos, injiniyancin kuma a FUTA, wato Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Ka riƙe lissafi da fiziks da kemistiri da kyau. Bayan digiri sai rajista da COMEG, hukumar da ke yi wa injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu rajista, kafin ka yi aikin a hukumance. Ka kuma shirya wa nisa da iyali, domin wani lokacin sai ka hau tudu kafin wayarka ta kama sabis.