Amsa ga ƙanina mai tambaya a kan gwagwarmayar lumana

Assalamu alaikum. Ƙanina tun jiya da daddare na ga tambayarka, inda kake cewa wai anya zanga-zangar lumana ba ɓata lokaci ba ce, tunda shi kansa Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka da ake ta yabo, harbe shi aka yi, Gandhi na Indiya ma haka. Na karanta amsoshin 'yan'uwa, da yawa na cewa ai gwamnati ba ta jin magana sai ta ga wuta. Ni dai bari in faɗa maka abin da na gani da idona, sannan in haɗa da ɗan abin da na karanta a shekarun da na yi ina koyar da tarihi a sakandare.

A watan Janairun 2012 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141 a dare ɗaya, ina cikin waɗanda suka fita shataletalen Silver Jubilee a Kano. Ga sanyin hunturu kamar me, mutane sun shimfiɗa kwali da tabarmi a kan kwalta, wasu mata na kawo kunu da ƙosai ba ko sisi, in lokacin sallah ya yi Kiristocin da ke cikinmu su riƙe hannun juna su kewaye mu har mu idar. Wallahi ban taɓa zaton zan ga haka a garin nan ba. Amma abin da ya fi tsaya min a rai wani yaro ne, bai fi shekara sha bakwai ba, motar jami'an tsaro ta matso sai na ga ya sunkuya ya ɗauki rabin bulo, kafin ya ɗaga hannu wani dattijo mai gyaran keke ya riƙe masa wuyan hannu ya ce, "Ɗana ajiye, wannan dutsen naka shi suke jira." Yaron har hawaye yake don haushi, amma ya ajiye. Duk da haka an zo cikin dare an tarwatsa mu da barkonon tsohuwa, kuma daga baya an rasa rayuka a garin, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai yajin aiki ya tsayar da ƙasa cak, kasuwanni a rufe, har aka dawo da lita 97. Ba mu samu duka ba, amma an ja da baya, kuma ba da dutse aka yi ba.

Kuskuren da muke yi shi ne mun ɗauka lumana na nufin ka fito ka ɗaga kwali ka yi ihu ka koma gida. Je ka duba abin da aka yi a Montgomery ta jihar Alabama a Amurka. Ranar 1 ga Disambar 1955 aka kama wata baƙar fata mai suna Rosa Parks don ta ƙi tashi ta ba bature kujera a bas. Baƙaƙen fata suka ce ba su ƙara shiga bas ɗin, alhali su ne mafi yawan fasinjojinsa, kuma suka riƙe wannan magana kwana 381. Ka yi tunani, sama da shekara, mace mai aikatau a gidan turawa ta taka da ƙafa safe da yamma, ruwa da sanyi. Yaya aka yi suka jure? Tsari ne. Masu motoci suka haɗa kai suna kwasar mutane a wuraren da aka ware, coci-coci na tara kuɗin mai, mata na dafa abinci suna sayarwa suna zuba kuɗin a asusu, lauyoyi kuma na can kotu suna tasu fafatawar har Kotun Ƙoli ta ce wariyar cikin bas ta saɓa wa tsarin mulki. King, wanda ya jagoranci ƙauracewar, a lokacin shekararsa 26 kacal. Da aka jefa bam gidansa a Janairun 1956, matarsa da jaririyarsa na ciki, jama'a suka taru da makamai, shi ne ya fito ƙofar gida ya ce kowa ya mai da makaminsa ya koma gida. To ka faɗa min, mai tsoro ne zai iya wannan?

Kuma horo suke yi, wannan ne abin da ba mu da shi. A Nashville wani mai suna James Lawson, wanda ya zauna a Indiya ya nazarci hanyar Gandhi, yakan tara ɗalibai a yi gwaji, a zage ka, a ture ka daga kujera, a ga ko za ka rama. In ba za ka iya daurewa ba sai a ba ka wani aikin daban, ba za a sa ka a gaba ba. Shi ma Gandhi a 1922, da mabiyansa suka ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura aka kashe 'yan sanda sama da ashirin, dakatar da gwagwarmayar ya yi gaba ɗaya, manyan abokansa na ta fushi. Ga mai cewa wannan hanyar Kirista ce ko ta Hindu, ya nemi labarin Abdul Gaffar Khan, Musulmi Bafashtune, mutanen da aka sani da faɗa, amma ya tara dubban jama'a da suka yi rantsuwar ba za su ɗauki makami ba a yaƙinsu da Turawan Ingila, kuma da haƙurin Manzon Allah (SAW) a Makka yake kafa musu hujja.

Na tuna duk wannan ne a watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Yunwa gaskiya ce, kowa ya san halin da ake ciki, amma an fita ba shugaba, ba takamaiman buƙata guda da za a ce in an biya a koma gida, kafin azahar an fara fasa wurare ana jidar kaya. Maƙwabcina mai ɗan shagon kayan masarufi, talaka ne kamar mu, aka ɓalle masa ƙofa aka kwashe har sikelinsa. Aka sa dokar hana fita, labari ya tashi daga tsadar rayuwa ya koma na ɓarayi. Wannan abu har yau yana min ciwo.

Batun kisan King kuwa, eh, an harbe shi a Memphis ranar 4 ga Afrilun 1968 yana da shekara 39. Amma kafin nan an kafa dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965, kuma hotunan karnuka da ruwan mesa mai ƙarfi da aka sakar wa yara a Birmingham a 1963 suna cikin abin da ya kunyata Amurka a idon duniya. Talauci da wariya ba su ƙare ba, shi ma ya sani, don ya je Memphis ɗin ne mara wa masu kwasar shara baya a yajin aikinsu.

Mu ma nan ba baƙi ba ne a wannan hanya. Mahaifina tela ne, ɗan jam'iyyar NEPU tun farko-farkon kafa ta a 1950, ya sha ba mu labarin yadda ake kai su gaban alƙali a yi musu bulala ko a ɗaure su don kawai sun halarci lacca. Gambo Sawaba sau 16 ana ɗaure ta. Ba zan ce 'yan NEPU duk waliyyai ba ne, an yi faɗace-faɗace da sanduna a zamanin, amma Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya karanci Gandhi sosai, makaminsa baki ne da karantar da talaka ya san haƙƙinsa. Kusan shekara talatin ana wannan abu kamar ba za a kai ko'ina ba. Sai a 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ina yaro lokacin, muna zaune a zaure aka faɗa a rediyo, Baba ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya ɗaga rigarsa ya nuna mana tabon bulalar da ke gadon bayansa, sannan ya sa aka kira masa abokansa biyu da aka taɓa ɗaure su tare. Har magariba suna zaune a zauren nan suna lissafa sunayen waɗanda suka rasu ba su ga ranar ba.