Zoben Baiko Mai Lu'ulu'u: Asalinsa da Zubin da Ya Fi Ƙarko

Tambaya: Assalamu alaikum. Yaushe aka fara ba da zoben lu'ulu'u wajen baiko? Sannan wane zubi ne ya dace da macen da hannunta ba ya rabuwa da aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Galibi ana fara lissafi ne daga 1477, lokacin da Maximilian na Ostiriya ya ba Mary ta Burgundy irin wannan zobe. An daɗe abin na gidan sarauta ne, don daga Indiya dutsen yake zuwa, daga baya Brazil. Bai yawaita ba sai da aka buɗe ma'adinan Kimberley a Afirka ta Kudu a 1871. Abin da ya mai da shi kamar dole a Amurka kuwa talla ce, musamman ta kamfanin De Beers a 1947, mai cewa lu'ulu'u na har abada ne.

Batun zubi shi ne mai muhimmanci. A 1886 kamfanin Tiffany ya fito da mai farata shida, wato ƙananan ƙarafan da ke riƙe dutsen, wanda ke ɗaga dutsen sama haske ya ratsa shi. Kyau kam ba a magana, sai dai faratan na maƙale wa tufafi, suna kuma cinyewa a hankali. Mai farata huɗu ya fi bayyana dutsen, amma ɗaya ya karye, dutsen na iya faɗuwa. Mai shida zai riƙe. Ga mai aikin hannu, mun fi son wanda ƙarfe ya kewaye bakin dutsen gaba ɗaya. Ƙyallin zai ɗan ragu, hankali kuwa ya kwanta.

Ki kula da yankan dutsen ma. Kewayayye, mai fuskoki 57 ko 58, ba shi da kusurwar da za ta ɓalle. Mai murabba'i kuwa a kusurwa yake tsagewa, domin taurin lu'ulu'u karcewa yake hanawa, ba fashewa ba.

Kada kalmar karat ta rikita ki: a dutse nauyi ne, karat ɗaya giram 0.2, a zinare tsabta ce, karat 18 na nufin kashi 75 cikin ɗari. Sau ɗaya a shekara ki kai wa maƙeri ya duba faratan. Idan kin ɗan buga zoben kusa da kunne kin ji ƙas-ƙas, cire shi nan take, dutsen ya saki.