Tocfad ya ƙi motsi a Ubuntu: amsar da Yaya ya turo gurup da murya

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Ku yi haƙuri da hayaniyar da kuke ji, ina bakin titi ne a nan Kawo, 'yan adaidaita ba sa barin mutum ya ji kansa. Bari in shiga daga ciki. Yauwa.

To ƙanena, na saurari muryarka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka sa Ubuntu 24.04, wato wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows, a laftof ɗinka 'yar Beljiyam, sati biyu komai lafiya lau, sai jiya ka kunna ka tarar tocfad, wato wurin jan yatsa da ke motsa kibiya, ya ƙi motsi sam, amma in ka jona maus na waya yana aiki. Na kuma ga amsoshin da aka ba ka. Wani ya ce ka je shafin kamfani ka sauko da direba, wato manhajar da ke sa kayan kwamfuta aiki, wani ya ce ka yi fomatin ka koma Windows ka huta. Allah ya saka musu da alheri, amma don Allah kada ka yi ko ɗaya tukuna. Balle ma Windows 10 ɗin da za ka koma, ai tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da shi, wannan ne ma ya sa da yawanmu muka yi ƙaura zuwa Linux.

Maganar direba nake so ka fara cirewa daga ranka. A Windows mun saba, abu ya ƙi aiki, sai ka je ka nemo fayil ka danna ka danna. A Linux direban tocfad yana cikin kanel tun asali, wato zuciyar tsarin da ke magana da kayan kwamfuta, tare suke zuwa. Ko ka je shafin kamfanin, na Windows za ka tarar, ba zai yi maka komai ba.

Ka ɗauka kamar wuta ce. In ka shiga ɗaki ka danna makunni fitila ba ta kawo ba, ai ba ka fara da kiran mai gyara ya sake wayarin gidan. Leƙawa kake yi ka ga ko maƙwabta na da wuta, sannan ka duba mita, sannan ka dawo kan makunni. Tocfad ma hawa uku ne: akwai ƙarfen kansa da wayarsa, akwai kanel da ke magana da shi, sannan akwai wani abu da ake kira libinput tare da saitinka, su ke fassara motsin yatsa zuwa motsin kibiya. Aikinmu kawai mu gano a wane hawa wutar ta tsaya.

Fara da na banza, kada ka ji kunya. Yawancin laftof suna da maɓallin kashe tocfad a layin sama, mai hoton ɗan akwati. A Acer galibi Fn da F7 ne, a ASUS Fn da F9. Wallahi na sha ganin wanda ya kwana yana bincike ashe ƙaninsa ne ya danna wajen kallon bidiyo. Sannan da maus ɗin naka ka shiga Settings, ka je Mouse & Touchpad, ka ga ko a kunne yake. Ka kuma zare maus ɗin ka gwada, domin akwai saitin da ke kashe tocfad da zarar an jona maus. In kana so ka tabbatar, danna Ctrl da Alt da T, taminal, wato tagar rubuta umarni, zai buɗe, ka rubuta gsettings get org.gnome.desktop.peripherals.touchpad send-events. In ya amsa maka da enabled, to nan lafiya. In wani abu daban ya ce, ka maimaita layin, amma get ya koma set, a ƙarshe ka ƙara enabled.

In duk wannan bai yi ba, to ga tambayar da komai ya rataya a kanta: shin kanel yana ganin tocfad ɗin ko ba ya gani? Rubuta wannan a hankali: cat /proc/bus/input/devices. Zai zubo maka jerin abubuwa, kada ka tsorata, layukan da suka fara da N: Name kawai za ka bi. Kana neman suna mai Touchpad a ciki. Kamfanonin da suka fi yin wannan kayan uku ne, Synaptics da Elan da ALPS, don haka za ka ga irin su SynPS/2 Synaptics TouchPad, ko ETPS/2 Elantech Touchpad, ko ELAN da wasu lambobi a bayansa. Ka gane? Amsar nan ita ce mararraba.

In sunan ya fito, ka yi hamdala, rabin aiki ya ƙare. Ƙarfe na nan da rai, kanel ya san da shi. Sai ka sa ƙaramin kayan gwaji: sudo apt install libinput-tools, sannan sudo libinput debug-events. Ɗora yatsa ka ja. In ka ga rubutu yana ta gudu a taminal duk lokacin da ka motsa, to saƙo yana isowa, saiti ne ya toshe shi a sama. A nan ne zan ja kunnenka kan tsofaffin shawarwari na intanet. Da yawa za su ce ka sa xserver-xorg-input-synaptics. Wannan tsohon direba ne da aka daina ci gaba da shi, libinput ne ya gaje shi, kuma in ka sa su biyun a Xorg, wato tsohon tsarin nuna hoto a allo, sai tsohon ya sha gaban sabon, saitin tocfad ma yana iya ɓacewa daga Settings. In ka riga ka sa, cire shi da sudo apt remove, ka sake kunnawa. Haka nan masu cewa ka buga xinput. Ubuntu tun 21.04 ta koma Wayland, sabon tsarin da ya gaji Xorg, a yawancin kwamfutoci, kuma a Wayland xinput ba ya nuna ainihin tocfad ɗinka, sai ka ɗauka babu shi alhali yana nan. Rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE ka ga a kan wanne kake kafin ka yarda da shi.

Af, murya ta yanke. Ga ci gaba.

In kuma sunan bai fito ba sam, ko ka ga PS/2 Generic Mouse kawai, to matsalar tana ƙasa. Kuma abin da na fi zargi a naka ke nan, saboda ka ce sati biyu yana aiki. Abin da ya yi aiki sannan ya daina, wani abu ne ya canza. Ka tuna, ba ka yi ofdet ba shekaranjiya? Ubuntu 24.04 da kanel 6.8 ta fito, daga baya aka ɗaga masu laftof da destof zuwa 6.11 da abin da ya biyo baya. Sabon kanel yakan gyara wa mutum dubu, ya taka ƙafar mutum ɗaya. Abin daɗin shi ne tsohon ba ya gogewa nan take. Rubuta uname -r ka rubuta lambar a takarda. Sake kunna kwamfutar, tana tashi ka dinga taɓa Esc, in tsohuwar ƙira ce ka riƙe Shift, allon GRUB, wato jerin zaɓin tashi, zai fito. Shiga Advanced options for Ubuntu, zaɓi kanel mai ƙaramar lamba, ba mai recovery a jiki ba. In tocfad ya dawo, shi ke nan mun kama ɓarawo. Ka zauna a kan tsohon har wani ofdet ya zo ka sake gwadawa. Ko sisi ba ka kashe ba.

Sai ka san wace hanya tocfad ɗinka ke bi, domin hanya biyu ce. Tsofaffin laftof, irin waɗanda suka cika kasuwa a nan Kaduna, suna bi ta PS/2, direbansu psmouse. Sababbi suna bi ta I2C, direbansu i2c_hid_acpi, wasu na Elan kuma elan_i2c. Amfanin sanin wannan shi ne za ka iya sauke direban ka sake ɗora shi ba tare da ka kashe kwamfuta ba: sudo modprobe -r psmouse, sannan sudo modprobe psmouse. In na I2C ne ka canza sunan. Wannan ya fi yin magani ga masu cewa in sun rufe murfi ta yi barci, suka buɗe sai tocfad ya ƙi farkawa. Kuma kafin ka yi, buga sudo dmesg | grep -i -E "touchpad|i2c|psmouse", ka ɗauki hoton abin da ya fito. Kanel ba ya ɓoye kokensa, mu ne ba ma karantawa.

BIOS ma ka leƙa, wato saitin laftof ɗin kanta da ake shiga kafin Ubuntu ta tashi. A Acer da yawa, in ka danna F2 wajen tashi, akwai wurin Touchpad mai zaɓi biyu, Basic da Advanced. Basic yana mai da shi PS/2, Advanced kuma I2C. In ɗaya ya ƙi, gwada ɗayan. Wasu ƙirar kuma wurin kashe shi gaba ɗaya ne ke ciki. Sannan in ka bar Windows a gefe kana shiga duka biyun, ka kashe Fast Startup ɗinsa, saboda da shi Windows ba ya mutuwa sosai, gyangyaɗi yake yi, sai ya bar wasu kayan a wani hali. Ka kashe laftof ɗin ɗungurungum, ka zare caja, ka riƙe maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, sannan ka tayar.

Akwai kuma kalmomin da ake ƙara wa kanel wajen tashi, irin su i8042.nopnp da i8042.reset ga na PS/2, ko pci=nocrs da ya taimaki wasu Lenovo IdeaPad masu tocfad na Elan. To a nan ne mutane ke ɓarna. Sai mutum ya kwaso biyar lokaci ɗaya ya cusa a /etc/default/grub, ya buga update-grub, in ta yi bai san wanne ya yi ba, in ta ƙi tashi kuma ya kira ni ƙarfe sha ɗayan dare. Ba haka ake yi ba. A allon GRUB danna e, nemi layin da ke da quiet splash, ƙara kalma ɗaya tak a bayansa, danna F10. Wannan na tashi ɗaya ne, in ka sake kunnawa ya goge kansa. Sai wanda ka tabbatar ya yi aiki za ka rubuta a fayil ɗin.

Yanzu bari in faɗi wanda turawan da ke rubuta waɗannan bayanai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa kullum muna cikinsa. Caja. Ga masu cewa kibiyarsu tana rawa ko tana tsalle ita kaɗai, kafin ku zagi Linux ku zare caja ku gwada da batir. Tocfad da ɗan ƙaramin cajin lantarki na yatsa yake aiki, don haka caja marar kyau, ko soket marar waya ta uku mai zuwa ƙasa, ko wutar ƙaramin janareta, duk suna rikita shi. Ni kaina ya taɓa cin min kwana uku. Na canza kanel, na canza saiti, har na sake sa tsarin gaba ɗaya, ashe wata caja ce mai araha da na saya a hanya. Ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, kibiya ta nutsu kamar an yi mata addu'a. Na zauna ina kallon cajar nan, ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Sai batir. A laftof da yawa batirin yana ƙarƙashin tocfad ne daidai. In ya kumbura, kuma zafin Maris da Afrilu na garin nan ba ya taimako, sai ya turo tocfad sama, dannawa ta yi tauri ko ta ƙi. Ɗora laftof ɗin a tebur ka duba ta gefe. In ka ga ta yi ciki, ko murfin ƙasa ya fara buɗewa, ka daina caji nan take, ka kai a cire shi. Wannan ba wasa ba ne, yana iya kama wuta. Kuma in an taɓa buɗe ta, ko don ƙara RAM ko don kakkaɓe ƙurar hunturu, akwai wata siririyar waya mai faɗi da ta haɗa tocfad da babban allon lantarki na cikinta, in ba a mayar da ita daidai ba shiru za ka ji.

Yadda za ka raba gardama tsakanin ƙarfe da manhaja kuwa, filashin da ka sa Ubuntu da shi yana nan? Jona shi, ka tashi ta kansa, ka zaɓi Try Ubuntu, kada ka taɓa Install. In tocfad ya yi aiki a can, ƙarfenka ƙalau yake, kada kowa ya karɓi kuɗinka da sunan canza shi. In a can ma bai yi ba, alhali da wannan filashin ya yi aiki sati biyu da suka wuce, to sai a buɗe ta a duba wayar. Ka je da filashin a aljihu wajen mai gyara, a gwada a gabanka kafin a ɗaure sukurori.

Saboda haka ƙanena, yau da daddare abu uku nake jira daga gare ka: hoton layukan Name ɗin nan, lambar da uname -r ya ba ka, da cikakkiyar lambar ƙirar laftof ɗin da ke rubuce a bayanta. Ka ɗauki hoton da kyau, ba irin na rannan da fitilar waya ta cinye rabin rubutun ba. Ka fara da tsohon kanel ɗin, ni dai can hankalina ya fi karkata. In abin ya faskara, ranar Asabar ina Tudun Wada wajen la'asar, ka zo da ita da cajarta. An kira Magariba, sai na ji ka.