In sayar da filin gado in tafi Ingila karatun garkuwar jiki?

Tambaya: Malam, na gama digirin farko a fannin nazarin ƙwayoyin cuta, na kuma kammala hidimar ƙasa. Burina in zama mai bincike kan garkuwar jiki. Wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu, amma babu tallafi. Hajiyarmu ta ce a sayar da filin da Baba ya bar mana. In yarda? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Malama, ku bar filin nan inda yake. Digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ce, kuɗin makaranta kaɗai yakan haura fam dubu 20, kuma rabinsa zaman aji ne. Shi kuwa wannan fanni da hannu ake koyonsa: ki iya raba fararen ƙwayoyin jini, ki yi gwajin ELISA, wato gwajin gano sinadaran garkuwar jiki a cikin samfur, har ya zauna miki, ki san tashin hankalin da ake shiga idan wuta ta ɗauke, firjin da ke ajiye samfur a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ya fara kuka. Mai ɗaukar ɗalibin digirin digirgir wannan yake tambaya kafin sunan jami'a.

Ki duba kusa tukuna. Akwai cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta WACCBIP a Jami'ar Ghana da ke Legon, akwai cibiyar binciken lafiya ta MRC a Fajara ta ƙasar Gambiya. Brian Greenwood, likita ɗan Birtaniya wanda ya shugabanci ta Gambiyar daga 1980, sai da ya yi shekara goma a Zariya yana binciken sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Cututtukan da ake bincike a kansu suna ƙofar gidanmu. A Najeriya ma, a Kebbi da Bayelsa aka fara ba yara rigakafin zazzaɓin, R21, a ƙarshen 2024.

In kuwa ranki ya nace sai Turai, ki nemi tallafin Commonwealth ko na DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus. A Jamus, a digirin digirgir galibi ɗalibi ake biya, ba shi ke biya ba.

Kafin nan ki karanta takardun binciken malamin da kike so ya jagorance ki, ki rubuta masa gajeriyar wasiƙa a kan aikinsa. Ki kuma laluɓi tsohon ɗalibinsa a gefe, ki tambaye shi shekara nawa ya yi kafin ya gama. Ki gaida Hajiya.