Tambaya da Amsa: Gasar Gashin Nama Domin Binciken Ciwon Ƙodar Yara

Wasiƙu uku ne suka iso mana daga Zariya a kan magana guda, saboda haka muka haɗa su a wannan fitowar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa a Tudun Wada. Bara ɗaya daga cikinmu ya rasa ɗansa mai shekara shida bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Wani abokinmu da ya yi karatu a Amurka ya ba mu labarin cewa a can ana shirya gasar gashin nama, a tara kuɗi domin binciken irin wannan ciwo, sai muka yi sha'awar gwadawa da masu tsire da balangu na garinmu. Wasu daga cikin dattawanmu sun ce shagali ne kawai, kuma in ma an tara kuɗin, masu jinya ne suka fi cancanta da shi. Shin abin ya dace? Ta ina za mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan yaron, Ya sa mai ceto ne, Ya ba iyayensa haƙurin rashi.

Abokinku gaskiya ya faɗa. A birnin Memfis na jihar Tenesi ana gudanar da babbar gasar gashin nama tun 1978, kuma ƙananan garuruwa da yawa sun mayar da irin wannan taro hanyar tara gudunmawa ga asibitoci. Sai dai mafi yawan abin da ake gasawa a gasar Memfis naman alade ne, don haka tsarin tara kuɗin kaɗai za ku ara. Sana'ar kanta kuwa, ba Bazazzagi za a koya wa ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire bayan sallar isha'i, ya ga yadda yake jera tsinkaye kewaye da garwashi, yana juya su yana yayyafa man gyaɗa har garin ƙuli-ƙuli ya kama jikin naman, ya san cewa gwanintar da za a yi gasa a kanta tana nan jibge a gida.

Ina ba ku shawara kada ku yi wa maganar dattawanku riƙon sakainar kashi, domin akwai gaskiya a cikinta. Uban da aka ce ɗansa yana buƙatar wankin ƙoda gobe da safe ba zai fahimci dalilin ajiye kuɗi domin wani bincike da sakamakonsa sai bayan shekara biyu ba. Amma ku duba lissafin da kyau. Wanda ƙodarsa ta gaza gaba ɗaya yakan buƙaci wanki sau biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin sa'a huɗu, kuma haka zai ci gaba har sai an yi masa dashe. Dashen ƙoda, wanda aka fara yin nasararsa a birnin Boston a 1954, bai iso Nijeriya ba sai a 2000 a Legas, sannan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, kuma har yau abu ne na miliyoyin naira, ga magungunan da mutum zai sha iyakar rayuwarsa. Abin da za ku tara a yini guda, ko da kasuwa ta yi kyau, jinyar yara ƙalilan ce za ta lanƙwame shi cikin 'yan watanni. Kuɗin nan kuwa, in aka zuba shi a aikin gano ciwon tun yana ƙarami, zai iya shafar ɗaruruwan yara.

Zariya ma tana da nata tarihin a wannan fage. A ƙarshen 2008 aka riƙa kai ƙananan yara asibitoci a Legas da Ibadan da nan Zariya, fitsarinsu ya ɗauke, ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya. Bincike ne ya gano cewa wani maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ya gurɓata da sinadarin dayetilin gilaikol, wanda guba ne ga ƙoda, kuma hukumomin lafiya sun ce yara 84 ne suka rasu. Likitocin yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suna cikin waɗanda suka rubuta abin da suka gani, suka wallafa shi domin amfanin takwarorinsu. Da ba a samu masu tambayar iyaye dalla-dalla me aka ba yaro ya sha, suna rubutawa suna kwatantawa ba, da maganin ya daɗe a kan kanta yana ɓarna. A 2022 irin wannan musiba ta sake aukuwa a Gambiya, inda yara kimanin 70 suka rasu bayan shan wasu magungunan tari. Wannan shi ne abin da ake nufi da bincike, kuma da shi za ku yi wa dattawa bayani.

To, ta ina za ku fara? Ku fara da Shika, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake, kafin ku je wajen mahauta. Ku rubuta takarda zuwa ga shugabannin asibitin, ku nemi zama da likitocin sashen yara masu kula da ƙoda, ku tambaye su wane aiki guda ne kuɗi kaɗan zai iya kammalawa daga farko har ƙarshe. Wataƙila su ce a sayi 'yan tsinkayen gwajin fitsari, waɗanda ake tsomawa su sauya launi idan akwai furotin ko jini, a bi makarantun firamare na cikin birni da Sabon Gari ana auna yara. Wataƙila su ce a bibiyi yaran da aka sallama bayan ƙodarsu ta taɓu saboda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, a ga halin da suke ciki bayan shekara guda, wanda galibi kuɗin mota da na gwaji ne ke hana shi. Su ne za su zaɓa. Abin da nake so ku fito da shi daga wannan zama shi ne jimla guda da za ku iya rubutawa a jikin takardar gayyata, wadda ke faɗin aikin da za a yi, da wanda zai yi shi, da abin da zai ci. Kalmar "bincike" ita kaɗai ba ta buɗe aljihun mutanenmu, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Saboda haka ku tabbatar aikin ya samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, kuma ba za a taɓa ɗan kowa ba sai da yardar iyayensa, bayan an yi musu bayani da Hausa.

Idan dattawa suka nace, babu laifi ku raba kuɗin kashi biyu, ɗaya na bincike, ɗaya na masu jinya, muddin kun bayyana rabon kafin a karɓi sisin kwabo.

Sai maganar amana, wadda a nan ne irin waɗannan taruka suka fi tuntuɓe. Na taɓa halartar wani taron gidauniya inda kuɗin rumfuna da kujeru da lasifika da abincin manyan baƙi suka cinye fiye da rabin abin da aka tara, aka watse ana kallon juna. Ku nemi masu hali su ɗauki nauyin waɗannan hidimomi tun da wuri, wani ya ba da sa, wani gawayi, wani rumfa, ta yadda duk abin da ya shigo ranar taro zai tafi inda aka yi alkawari. A buɗe asusun banki na musamman da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu ya zama dattijon da unguwa ta yarda da shi, a ƙirga kuɗin hannu a gaban jama'a kafin a tashi, sannan a liƙa lissafin a inda kowa zai gani.

Gasar kanta ita ce mafi sauƙi. Ku bi ta hannun Sarkin Fawa, domin mahauta suna da shugabancinsu, kuma wanda ya tsallake shi zai ga rumfunansa wayam. A ware tsire daban, balangu daban, gasasshiyar kaza daban. Kilishi kuwa sai dai a zo da shi a shirye, tunda sai an shanya naman ya bushe, an tsoma shi a labu, an sake shanyawa kafin a nuna masa wuta. A kai wa alƙalai nama da lamba, ba tare da sunan mai shi ba, kuma a samu jami'in duba nama ya shaida lafiyar dabbar tun daga mayanka. Ranar Ƙoda ta Duniya, wadda aka fara a 2006, tana faɗowa ne Alhamis ta biyu a watan Maris, kuma a 2016 an keɓe ta ga yara. Ranar ta dace da ku in ba ta ci karo da azumi ba. Ku dai guji makonnin da ke bin Babbar Sallah, lokacin da kowane gida ke da soyayyen nama a kwano, ba mai marmarin na saye.

TAMBAYA: Ni uwa ce, ina zaune a Samaru. Na ji labarin wannan shiri, amma abin ya ɗaure mini kai. Ba an ce nama da gishiri suna lalata ƙoda ba? Kuma yaya zan gane ciwon a jikin yaro?

AMSA: Hajiya, tambayarki tana kan hanya. Mai lafiyayyar ƙoda ba zai cutu da tsinken tsire biyu ko uku ba. Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan matatai kimanin miliyan guda, kuma ƙodojin babban mutum suna tace ruwan jini kusan lita 180 a yini. Wanda aka riga aka tabbatar masa da ciwon ne likita kan ƙayyade masa nama da gishiri. Inda nake goyon bayanki shi ne yaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, yaro kuma ƙasa da haka, alhali yajin tsire na zamani cike yake da gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Da ni ne mai shirya gasar, da na ware kyauta ta musamman ga wanda ya fitar da daɗi da citta da masoro da kimba da kanumfari, gishirinsa kaɗan.

Ciwon ƙodar yara kuwa ba daga cin nama yake tasowa ba. Wani da shi ake haihuwarsa, kamar yaro namiji mai toshewar mafitsara, wanda za ki ga yana yunƙuri, fitsarin yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Wani yakan biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata masu ruwa da mako biyu ko uku, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, jini ya hau. Gudawa da amai masu ƙarar da ruwan jiki, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sikila, da tsargiya ga yaran da ke wanka a kududdufi, duk suna iya taɓa ƙoda. Haka nan magungunan kashe zafi irin su ibufurofen idan aka ba yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, da jiƙe-jiƙen da ba a san ma'auninsu ba.

Alamar da iyaye suka fi kuskurewa ita ce kumburi. Yaro zai tashi da safe fatar idonsa a cike kamar ya kwana yana kuka, zuwa azahar ta saɓe, sai a ce barci ne ko ƙiba ce ta zo. Bayan kwanaki sai takalmi ya matse shi, in kika danna ƙaurinsa da yatsa wurin ya lotsa ya jima bai ciko ba, fitsarinsa kuma ya riƙa yin kumfa kamar an kaɗa sabulu. Furotin ne yake zuba ta fitsari, kuma yara da yawa suna samun sauƙi da maganin da likita zai rubuta idan an je da wuri. Duk yaron da ya kumbura haka, ko ya wuni bai yi fitsari ba, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya a kemis.

TAMBAYA: Sana'ata tsire a Sabon Gari. An ce kowa zai biya kuɗin shiga, wanda ya yi na ɗaya a ba shi kyauta. Wannan ba caca ba ce? Kuma zan iya ba da zakkata a ciki?

AMSA: Malam, ka yi kyan kai da ka tambaya tun ba a hura wuta ba. Galibin malamai suna ganin cewa idan masu gasa ne suka haɗa kuɗin da za a ba wanda ya yi nasara, ta yadda kowa ko dai ya ci ko a ci nasa, to an shiga hurumin caca. Mafita ita ce kyautar ta fito daga hannun wani daban wanda ba ya cikin gasar, ɗan kasuwa ko wani mai hali, kuɗin shigarku kuma ya tafi asusun yaran baki ɗaya. Haka nan a bar sayar da tikitin ƙuri'a da ake jan lamba a ci babur ko firji.

Zakka kuwa tana da gidaje takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai ba sa sanya aikin bincike a cikinsu. Iyayen yaro mai jinya, in matalauta ne ko bashi ya yi musu katutu, suna ciki, don haka kana iya miƙa musu zakkarka hannu da hannu. Abin da za ka saka a asusun bincike ya zama sadaka, ko da ribar cinikinka na wannan rana ce. Ka kai tsarin gasar yadda yake ga malamin da kake ɗaukar karatu a wajensa ya duba maka, sannan ka biya kuɗin rumfarka.