Ɗana ya kusa shekara uku bai fara magana ba, ina za mu dosa a Legas?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni mazauniyar Agege ce, maigidana yana sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12. Ɗanmu na uku shekararsa biyu da wata bakwai, har yanzu ba ya magana. Da can yana cewa "Mama" da "ruwa", sai ya daina. Ki yi ta kiran sunansa ba zai waiwayo ba, amma da an buɗe ledar biskit a ɗaya ɗakin zai taho a guje. In yana son abu sai ya ja hannuna, ba ya nunawa da yatsa. Yini yake yana jera murafen kwalba, in an taɓa ɗaya sai kuka. Surukata ta ce nauyin baki ne na gado. Maƙwabciyata ta ce yaruka ne suka ruɗa shi, Hausa a ɗaki, Yarabanci a tsakar gida. Wasu sun ce shafar aljanu. An yi ruƙiyya, yanzu ana maganar wanzami ya yanke masa linzami. Wata nas ta ambaci otizim, ta tura ni wata cibiya mai zaman kanta, kuɗinsu na wata ya fi kuɗin hayarmu. Shin gwamnati ba ta da inda take taimakon irin waɗannan yara?

Wata uwa, daga Agege

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya raya mana shi. Kafin komai, ki roƙi maigidanki a dakatar da maganar wanzami. Linzami ba ya hana yaro waiwayowa in an kira sunansa, ba ya hana shi nuna abu da yatsa. Aska a bakin ɗan shekara biyu babu abin da za ta ƙara sai jini da ciwo.

Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, wannan aikin likita ne bayan ya zauna da yaron. Amma na yi shekaru a ɗakin awon yara a nan Legas kafin in ajiye aiki, kuma abubuwan da kika lissafa, musamman kalmomin da ya riƙe sannan suka ɓace, ba na zama a jira ba ne. Alamu ne da ake gani a lalurar galahanga irin wadda likitoci ke kira otizim. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi ganinta a maza. Yawan yaruka ba ya kawo ta. Ki duba yaran gidanku, da Hausa da Yarabanci da burokin suke faɗa a bakin famfo. Addu'a kuwa ku ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Ga inda za ki fara. Ki ɗauki katin rigakafinsa ki je cibiyar lafiya ta unguwarku, ki nemi takardar turawa zuwa likitan yara. Daga Agege, asibitin koyarwa na jiha, LASUTH, da ke Ikeja ya fi kusa. Akwai asibitin koyarwa na tarayya, LUTH, a Idi-Araba, inda 'yan uwanmu suke da yawa in dare ya yi miki. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba kuma yana da sashen yara da matasa a Oshodi, wanda ya saba da irin wannan lalura. Na san mutanenmu da jin Yaba sai su ja da baya, a ce za a kai yaro gidan mahaukata. Ki toshe kunnenki. Ki nemi a gwada jinsa ko da yana jin ƙarar leda, domin jin ƙara daban, jin magana daban. Sannan ki ɗauki gajerun bidiyo da wayarki: lokacin da kike kiransa, lokacin da yake jera murafensa, lokacin da yake cikin yara. Yaro a gaban likita ko dai ya sandare ko ya yi ta ihu, bidiyon minti ɗaya ya fi dogon bayani.

Yanzu ga ainihin tambayarki, kuma ba zan yi miki rufa-rufa ba. Dokoki akwai. Jihar Legas tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, wadda ta kafa LASODA, ofishin kula da al'amuran masu nakasa. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya a Janairun 2019. Akwai kuma azuzuwa na musamman a cikin wasu makarantun firamare na gwamnatin jiha. Sai dai ki lura, aji na jiran yaro ya isa shiga makaranta, asibiti kuma yana gano lalura ya ba da ranar dawowa. Tsakanin ranar da aka gaya wa uwa sunan abin da ke damun ɗanta da ranar da zai sa kayan makaranta, nan ne ramin yake. Shekarun nan kuwa su ne ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ɗauka. Mai kuɗi yana cike ramin da masu koyar da magana a Lekki ko Ikeja, matar mai kayan gwari ta koma gida.

A Amurka tun 1986 suka sa a doka a tallafa wa jihohi su tanadi taimako ga yara daga haihuwa zuwa shekara uku in an ga jinkiri a girmansu, kuma sau da yawa ma'aikaci ne ke zuwa har gida. Ban ce mu kwafo nasu ba, ba mu da ƙwararrun da za su bi gida-gida daga Ajegunle zuwa Ikorodu. Abin da muke da shi, wanda ba mu amfani da shi, shi ne layin rigakafi. Ana son kowace uwa ta kawo ɗanta a wata 9, ta dawo a wata 15 don allurar ƙyanda ta biyu. Muna ɗora yaro a sikeli, mu rubuta nauyinsa, mu soka allura, mu ce ta gaba. Ba wanda ke tambaya: yana waiwayowa in an kira shi? Yana nuna abu? Yana kallon idonki? Akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30, cikin 'yan mintoci ake gama ta. Da za a horar da nas-nas a kai, a ƙara ranar awo ɗaya a wata 18, da yara irin naki an gan su tun kafin suruka ta fara ba da labarin gado.

Ganowa kaɗai kuma zalunci ne in babu abin da zai biyo baya. A nan ne nake ganin shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na horar da iyaye ya dace da mu: zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, don yara 'yan shekara 2 zuwa 9, kuma ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya jagoranta in an horar da shi. An gwada shi a Habasha da Kenya. Kuɗinsa bai kamata ya fito daga aljihun iyaye ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, jiha kuma tana da inshorarta ta Ilera Eko. Ni a ganina, a cikin waɗannan ya kamata a sa awon girman yaro da horon iyaye. Kuma a yi da Hausa a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago. Na sha ganin uwa tana gyaɗa wa likita kai, mu fito waje ta kama mayafina ta ce, "Anti, me ya ce?" Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin kasuwa da 'yan siyasa ke nema lokacin zaɓe, wannan buƙata ce da za su iya ajiyewa a teburin shugaban ƙaramar hukuma.

Amma ke ba za ki yi jiran gawon shanu ba. Daga yau, ki daina ba shi abu tun kafin ya nema. Ki riƙe kofin ruwa kusa da fuskarki, ki ɗan dakata, in ya ɗago ido ko ya miƙo hannu ki ce "ruwa" ki ba shi nan take. Kalma ɗaya, ba doguwar magana ba. In yana jera murafe, kada ki watsa, ki zauna a ƙasa kusa da shi ki miƙa masa ɗaya-ɗaya, ta nan zai gane akwai amfani a juyowa wajenki. Wanka, cin abinci, sa riga, duk lokutan koyo ne. A rage masa waya. Ki sa yayyensa a ciki, yara sun fi mu haƙurin maimaita wasa. Ki kuma sa kunne, bankin GTBank yakan shirya taron otizim duk shekara a Legas, inda ƙwararru ke duba yara kyauta.

Ki tafi da maigidanki ranar ganin likita, ko da zai bar wa yaronsa rumfa na yini ɗaya. Abin da ya ji da kunnensa shi zai iya faɗa wa mahaifiyarsa, ke ba za ki iya ba.

TAMBAYA

Hajiya, ina gaisuwa. An turo mana saƙo a WhatsApp cewa allurar rigakafi ce ke jawo wa yara wannan lalura. 'Yata ta kusa wata tara. In kai ta?

Wani magidanci, daga Idi-Araba

AMSA

Malam, ka kai ta. Maganar ta samo asali ne daga wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998, aka janye shi a 2010 bayan an gano maguɗi a ciki, likitan da ya jagorance shi kuma aka soke lasisinsa. Binciken da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara bai sami wata alaƙa ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne alamun lalurar sukan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, daidai lokacin da ake yin allurar. Ƙyanda kuwa tana kisa, tana makantarwa. In kun je, ka ce wa uwarta ta tambayi nas ranar dawowa ta wata 15, a rubuta mata a kati.